Kyamarar Tsaro A Gidajen Nangere: Araha Ba Ta Ado

Sanin kowa ne cewa tattalin arzikin ƙaramar hukumar Nangere a ɗaure yake da na Potiskum. Hatsin da manoman Tikau da Dawasa da Degubi suke nomawa, da dabbobin da makiyaya suke kiwatawa, a kasuwannin Potiskum ake juya akasarinsu su zama kuɗi, musamman a kasuwar shanun garin wadda take cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Wannan ne ya sa dukiyar magidanci a wannan yanki ba kasafai take kwana a banki ba. Tana cikin rumbu da garke, ko a shagon ƙofar gida, ko kuwa babur ne da aka jingine a zaure.

Jama'ar wannan yanki ba su bukatar a yi musu wa'azi game da muhimmancin tsaro. Harin da aka kai kasuwar shanu ta Potiskum a watan Mayu na 2012, da na makarantar Mamudo a watan Yuli na 2013, da kuma na makarantar sakandaren kimiyya ta Potiskum a watan Nuwamba na 2014, duk ba su gushe daga zukatan mutane ba. Ko da yake ƙura ta lafa ƙwarai idan aka kwatanta da waɗancan shekaru, satar dabbobi da fasa shaguna da ɗauke babura su ne suke ci wa mai ƙaramin ƙarfi tuwo a ƙwarya. Don haka ba abin mamaki ba ne idan magidanci ya fara tunanin kafa kyamarar tsaro, wadda aka fi sani da CCTV.

Sai dai tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da sakin darajar Naira a watan Yuni na wannan shekarar, farashin duk wani kaya da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Dalar Amurka da ake canzawa a hukumance a kan kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Kusan dukkan kyamarorin da ke kasuwa daga ƙasar Sin ake kawo su. A irin wannan hali, ran mai saye yakan karkata ga wadda ta fi sauƙin kuɗi, kuma a nan ne kuskuren yake farawa. Kyamara mai araha ta gaskiya ita ce wadda za ta ci gaba da aiki a daren da aka ɗauke wuta kuma layin waya ya yanke, domin irin wannan dare ne ɓarawo yake jira.

Akwai darasi babba a abin da ya faru ga Gwamnatin Tarayya kanta. A 2010 ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro, wanda ya haɗa da kyamarori a titunan Abuja da Legas. Ba a ɗauki shekaru masu yawa ba sai akasarin kyamarorin suka zama kayan kallo a kan turakunsu, har ta kai ga Majalisar Wakilai ta binciki lamarin. Idan har aikin miliyoyin daloli zai iya durƙushewa saboda rashin kulawa bayan kafawa, to lalle magidanci a Sabon Garin Nangere ya kamata ya fara tambayar yadda na'urarsa za ta rayu kafin ya tambayi kuɗinta.

Abu na farko shi ne wuta. Jihar Yobe tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola, kuma ƙauyuka da dama ba su ma da layin wutar. Kyamara huɗu tare da akwatin ajiyar hotunansu ba su cika cin abin da ya wuce wat 40 ba, wato ƙasa da abin da fankar sama guda take ci. Faifan sola matsakaici da batir mai kyau za su iya riƙe su dare da rana. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya sayi kyamara biyu da batir nagari, da ya sayi takwas waɗanda za su mutu da zarar an ɗauke wuta. Haka kuma tilas ne a ajiye batirin da akwatin a cikin ɗaki mai makulli, domin su kansu kayan sata ne.

Na biyu shi ne inda hoton yake taruwa. Akwai kyamarori masu sauƙin kuɗi waɗanda ba su ajiye komai sai ta intanet, a kan kuɗin wata-wata. Wannan ɗawainiya ce da ba ta ƙarewa, balle ma da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da na data a watan Janairu na 2025. Mutanen Yobe kuma suna tune da yadda aka rufe layukan waya na tsawon makonni bayan kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu na 2013. Na'urar da take ajiye hotonta a cikin gida, a faifai ko a katin ajiya, ita ce abin dogaro. Faifai mai terabayit 1 yakan riƙe hotunan kyamara huɗu na kwana goma zuwa mako biyu. Kallo ta wayar hannu ƙari ne, idan akwai hali.

Na uku shi ne yanayin ƙasar. Ƙurar hunturu takan rufe idon kyamara, zafin bazara yakan wuce digiri 40, ga kuma iska da tsawa a farkon damina. Ya kamata mai saye ya nemi wadda aka rubuta wa alamar IP66 ko IP67, wato wadda ƙura da ruwa ba su shigarta, kana ya sa a gwada masa ganinta a cikin duhu kafin ya biya, domin hoton da ba a gane fuska a cikinsa ba shi da amfani ga 'yan sanda ko kotu. Sunayen Hikvision da Dahua sun yi fice, amma saboda ficen nasu ne ake samun jabunsu. Dillalin da yake da shago tsayayye a Potiskum, wanda zai ba da rasit da garanti kuma ya turo mai gyara, ya fi wanda zai rage 'yan kuɗi ya ɓace.

Akwai kuma batun sirri. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da makamantansu a duniya, saboda kawai masu su ba su canza lambar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. Wajibi ne magidanci ya canza wannan lamba da hannunsa bayan mai kafawa ya tafi. A ƙasar da ake mutunta cikin gida, wurin kyamara shi ne ƙofar zaure da garke da bakin rumbu. Bai dace ta kalli tsakar gida inda iyali suke sakewa ba, balle ta leƙa katangar maƙwabci.

Daga ƙarshe, kyamara shaida take bayarwa, ba ta kama ɓarawo. Amfaninta yana cika ne idan akwai fitila a ƙofa, da 'yan banga masu sintiri, da mai unguwa da ofishin 'yan sanda da za a miƙa wa hoton da wuri. Maƙwabta huɗu ko biyar da suke layi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi sola da akwati guda, su kafa kyamara a bakin layin ta kowane ɓangare, su raba kuɗin gyara a tsakaninsu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu hatsi su ma suna iya yin sari a dunƙule don sauƙaƙa wa membobinsu. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. A Nangere, nagarin shi ne wanda za a tarar yana aiki da asuba bayan daren da babu wuta.