Jami'a ta zo Kabo, saura ajin masu sana'ar Garo

An yi murna, kuma ta cancanta, da aka ɗaga kwalejin fasaha ta tarayya da ke Kabo zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a 2025. An gode wa Shugaba Bola Tinubu, an yaba wa Sanata Barau Jibrin da ya tsaya a kan lamarin. Yanzu da guɗa ta lafa, irin karatun da hukumar jami'ar ta zaɓa ta riƙa bayarwa a waɗannan shekarun na farko shi zai bi ta har gaba. Wannan jarida na neman abu guda: a ware gurbi na dindindin, da yamma ko a ƙarshen mako, inda masu sana'a na Garo da Kabo da Gwarzo za su riƙa zuwa ƙaro ilimi tare da yaransu, cikin harshen Hausa, ba tare da an nemi takardar sakandare ba.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo ya ratsa Garo ya ga waɗanda ake magana a kansu. Makanikai da masu walda a bakin titi, teloli, kafintoci, masu gyaran waya, masu POS a ƙarƙashin lema. Kowane shago akwai ubangida, akwai yara biyu ko biyar da iyayensu suka danƙa masa. Su ne ke ɗaukar matasan da gwamnati ba ta da aikin ba su. Mafi yawansu kuwa tun ranar da aka yaye su ba wanda ya sake zaunar da su ya koya musu wani sabon abu, alhali sana'ar da suka koya ta sauya a hannunsu.

A duba makaniken da ya ƙware a kan kabureta, wanda da jin ƙarar inji yake gane ciwon mota. Yau an kawo masa mota mai kwamfuta, wata fitila ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Ya kwance wannan, ya canza wancan, ya aika yaro Ƙofar Ruwa sayo kaya, mai mota ya biya, fitilar tana nan. A ƙarshe a ja motar zuwa Kano, inda wani matashi zai jona mata 'yar na'ura ya faɗi matsalar cikin 'yan mintuna. Kuɗin aikin ya tafi birni, mai motar ba zai dawo ba, yaran garejin kuma suna tsaye suna kallon ubangidansu ya rasa ta cewa. Basira ba ta ƙare masa ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa aikin na'urar na 'yan makonni.

Haka abin yake a gonakin rani. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, manoma da dama suka fara komawa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, har a wannan yanki na madatsun Guzuguzu da Magaga. Mai gyaran injin fetur yana nan a kowane gari. Mai haɗa sola da gyaranta yadda ya kamata shi ne sai an nema. A farkon shekarar 2023 kuma ƙarancin takardun naira ya tura 'yan kasuwa karɓar kuɗi ta waya ba shiri, wasu suka koyi bambance alat na gaske da na bogi bayan an tafi da kayansu. Ga sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda mai littafin shiga da fita ne kaɗai zai iya kare kansa a gabansu. Mai shago nawa ne a Garo ya san inda uwar kuɗinsa ta tsaya da inda riba ta fara?

Abin da 'yan siyasa suka saba kawo wa waɗannan mutane an san shi. A tara jama'a a fili, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da babura, a yi horon kwana biyu ko uku, a ba da satifiket da kuɗin mota, a ɗauki hoto. Ba mai raina kyauta, kuma akwai waɗanda ta tayar. Amma kowa ya san yadda wasu kayan ke ƙarewa a kasuwa tun kafin a kwance ledarsu, domin an ba wanda bai iya ba, an tsallake wanda ya shekara 20 a kan sana'ar yana neman abin da zai ƙara. Rabo yana ƙarewa a yini ɗaya, ilimin sana'a kuwa bibiya yake so, wata bayan wata.

Jama'ar Kano ba su manta ba. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa cibiyoyin koyon sana'a fiye da 20: ta kwamfuta a Kura, ta kiwon kaji a Tukwui, ta kiwon kifi a Bagauda, ta koyar da kasuwanci a Dawakin Tofa. Da gwamnati ta sauya, da yawansu suka tsaya cik. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta gina tata katafariyar cibiya mai sunan Aliko Ɗangote a hanyar Zariya, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta zo ta shiga sake buɗe waɗancan. Kowa da tasa, kowa na ƙyamar ta wani, shekaru suna tafiya. Kuma ko a lokacin da cibiyoyin ke aiki, an fi tsara su ne domin sabon shiga. Telan Garo mai iyali da yara biyar a shago ba zai rufe ya tafi wani gari na wata uku ba. Dole karatun ya zo kusa da shi, a lokacin da zai iya zuwa.

Za a ce jami'a aikinta digiri ne da bincike, koyar da walda ba nata ba ne. Wannan magana ba ta karɓuwa a nan, domin wurin nan kwalejin fasaha ce aka mayar jami'a, kuma bai kamata ƙarin girman ya zama dalilin rufe wa masu aikin hannu ƙofa ba.

Kuɗin ma akwai inda za a nemo shi. Asusun ITF, wanda aka kafa a 1971, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na albashin da manyan kamfanoni ke biya domin horar da ma'aikata. Hukumar SMEDAN tun 2003 aka kafa ta saboda ƙananan masana'antu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne. Majalisun Kabo da Gwarzo su sa wannan horo a kasafinsu na kowace shekara, su kira ITF da SMEDAN su zauna da jami'ar. Wakilan yankin da ke Abuja da majalisar jiha su karkatar da wani kaso na kuɗin rabo zuwa biyan malamai da sayen na'urorin koyo.

Iyayen gida ma da nasu laifin. Har yanzu akwai wanda ke ɓoye wa yaronsa sirrin aiki don kada ya ƙware ya buɗe nasa, akwai wanda ke ganin zama a aji zubar da girma ne. Wannan ɗabi'a ta kashe shaguna da yawa. Ƙungiyoyin teloli da makanikai da masu walda, da ke karɓar kuɗin mako a hannun 'ya'yansu, su fara ware wani abu domin ɗauko gwani daga Kano ko da sau ɗaya a wata, kuma ubangida ya zo da yaransa su zauna tare.

Wannan jarida na kira ga hukumar jami'ar Kabo da ta fito da jadawalin gajerun kwasa-kwasan masu sana'a kafin zangon karatu mai zuwa, da ranakunsu da kuɗinsu da wurin da za a yi su, a kuma sanar a rediyo da masallatan Juma'a. Shugabannin ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo su faɗa wa jama'a nawa suka ware, kuma ƙungiyoyin masu sana'a na Garo su kai jerin abin da suke son koya a rubuce.