Motar farko ta yaro: ku sayi wadda za ta maido shi gida



Duk shekara idan sakamakon BAC ya fito, akwai alkawarin da ke tashi a gidaje masu ɗan hali: "Idan ka samu, zan saya maka mota." Wani uban kuma ba don kyauta ba ne, yana neman wanda zai riƙa kai ƙanne lakwal, ya kai Hajiya kasuwa ko asibiti. Ko ma mene ne dalilin, makulli na shiga hannun yaro ɗan shekara 18 ko 19. Magana ta yau a kan wannan motar take. Ra'ayina a taƙaice shi ne, motar farko ta yaro ta zama ƙarama, marar gudu sosai, wadda makanisan unguwa ya san cikinta, mai takardu tsaf. Kuma kada a zuba kuɗin duka a kan sayenta.

Mu fara da abin da ya fi mota daraja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Mu nan ba sai an kawo mana lissafi daga Janeba ba. Duk wanda ke bin babbar hanya RN1, daga Doso zuwa Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, ya san ragowar ƙarafan da ke kwance a gefen godoro. Kuma kowa ya ga yadda samari ke wasa da mota a kortej ɗin biki, wani zaune a kan taga, wani na juya sitiyari cikin ƙura. Yaron da ya samu permi jiya, ƙafarsa ta san totur amma idonsa bai san hanya ba tukuna. Bai san yadda jaki ke faɗowa titi da dare ba, bai san amalanke marar fitila ba, bai san ɗan kabu-kabu zai iya yanko masa gaba babu sigina ba. Ga wani lissafi da ya kamata kowane uba ya riƙe: idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke ci bayan an taka birki yana ninkawa huɗu. To don Allah, me zai sa a ba sabon direba V6?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Alhaji na ganin mutuncin gida ne yaronsa ya fito da babbar mota mai baƙin gilashi. Wani kuma na cewa babbar mota ta fi kare wanda ke ciki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, mota mai nauyi tana da nata amfani idan aka yi karo. Amma fa ita ce kuma ke kai yaro gudun da ba zai iya riƙewa ba, kuma wanda ta buge a kan babur ko a ƙafa, shi ma ɗan wani ne. Abin da ke kare yaro shi ne birki mai kyau, tayoyi masu rai, santir da ke aiki kuma aka ɗaura shi, da injin da ba ya zuga shi.

Wace iri ke nan? Ku dubi abin da masu taksi na Yamai ke hawa shekara da shekaru: Toyota Starlet da Corolla. Mai taksi ba ya zaɓen mota don ado, da ita yake ciyar da gida. Corolla ko Yaris mai injin 1.3 zuwa 1.6 ta ishi yaro. Kayan gyaranta na nan a kasuwar Katako, a Maraɗi da Damagaram kuwa suna shigowa daga Kano da Katsina. Duk garejin da ka tsaya, ko a Gidan Rumji ne ko a Takeita, za ka samu wanda ya taɓa kwance irinta. Amma motar Turai mai cike da lantarki da kwamfuta, ranar da wani ɗan abu ya mutu a cikinta, sai ta yi wata biyu ƙarƙashin dogon yaro ana jiran kaya daga waje. Zafin watan Afrilu da Mayu, wanda ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, ba sa raga wa irin waɗannan motoci.

Sai batun mai. Lokacin da aka rage farashi a watan Yuli na 2024, litar esansi ta koma 499 a tasha. Ƙaramar Corolla na shan wajen lita 7 zuwa 8 a kilomita 100, kusan jika huɗu ke nan a wancan farashin. Mai V6 a cikin gari tana iya haura lita 12. Kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, ruwa-ruwa na bakin hanya bai zama arahar da muka saba ba. Wa zai riƙa biyan wanga kuɗi? Yaron da ba ya da albashi? Aljihun baba ne dai.

Yanzu ranar saye. Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka yarda da makanisan da dillali ya kawo. Ka tafi da naka, ka biya shi ladansa. Ku je da sassafe, a tada injin yana sanyi, don mota mai ciwo ta fi ɓoye ciwonta idan ta yi zafi. Ku dubi hayaƙi: shuɗi na nufin tana cin man inji, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa na nuna ruwa na shiga inji, sau da yawa kulas ce ta ƙone. A buɗe murfin man inji, idan an ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, ku yi sallama ku tafi. A leƙa ƙarƙashinta, domin motocin da suka fito daga ƙasashen ƙanƙara ana zuba gishiri a titunansu, tsatsa na cin su daga ƙasa alhali fenti na sheƙi a sama. Lambar kilomita da ke kan tablo kada ta ruɗe ka, ana maida ita baya. Ka dubi yadda sitiyari, kujerar direba da robar feda suka cinye, su ba sa ƙarya. Idan an murɗa makulli, fitilar erbag da ta ABS su kama, sannan su mutu bayan ƴan daƙiƙu. Idan ba su kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala.

Taya kuma, ku yi mini uzuri in tsaya a kanta. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. Idan ka ga 2318, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na nan, robar ta bushe, kuma godoron Madawa da tsakar rana ba ya wasa da busasshiyar taya. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ke ɗauke da ran ɗanka.

Takardu. Lambar shasi, haruffa da lambobi 17, dole ta zama daidai da wadda ke cikin kart giriz, harafi da harafi. A ga takardar duwan, asirans, binyet da bizit teknik. Tun da iyakar Gaya da Malanbil ta rufe a 2023, motocin "benan" da muka saba samu daga Kwatano sun koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗinsu ya ƙaru. Wannan ya sa mutane da yawa, musamman a Maraɗi da Ƙonni, ke leƙawa Najeriya don faɗuwar naira. Babu laifi, amma mota marar duwan ko wadda ba a san asalinta ba, ranar da jandarma suka tare yaro da ita, shi za a riƙe, dillali na gidansa yana shan shayi.

Ga yadda nake ganin rabon kuɗin. A ce miliyan uku ka tanada. Kada ka nemi motar miliyan uku. Ka nemi ta miliyan biyu da rabi, sauran ka sa sababbin tayoyi huɗu, ka canza kayan birki, ka yi bidanj, ka duba radiyata da batir, ka canza kuruwar inji idan mai bel ce kuma ba a san ranar da aka canza ta ba, ka biya asirans. Mota mai tsada a kan tsofaffin tayoyi, babbar riga ce babu wando.

Abu na ƙarshe ya fi duka nauyi, kuma iyaye, da ku nake. Permi na ƙaramar mota sai an cika shekara 18. Yaro ɗan 15 ko 16 da ake ba makulli "ya je ya dawo nan kusa", idan ya buge wani, kamfanin asirans na da hujjar juya maka baya, ga shari'a, ga haƙƙin rai. Kuma permi a same shi ta oto-ekol, a koyi kod, a yi jarrabawa. Wanda ya bi ta bayan gida ya samo wa ɗansa takarda, takarda kawai ya samo, ba a sayen iya tuƙi. Bayan permi ma, a sa sharaɗi na watannin farko: babu tuƙin dare, babu doguwar tafiya shi kaɗai, babu cika mota da abokai, babu waya a hannu, babu kortej. Ya karya ɗaya, makulli ya koma aljihun baba na wata guda.

Ku kuma samari, na san ba Starlet kuke mafarki ba. Abokai za su yi dariya kwana biyu, daga baya su ne za su riƙa roƙon ka rage musu hanya. Babbar mota na nan tana jiran ka, ranar da ka saye ta da guminka kuma hannunka ya nuna.

Ku tura wannan ga duk uban da kuka san yana shirin saye. Masu gareji da direbobi da ke bin mu, ku ƙara mana da abin da kuka gani a wurin aiki. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mana zuri'a.