Ficewar Nijar daga ECOWAS da Makomar Kalmar "Baƙo" a Ƙasar Zamfara

A ranar 29 ga Janairun 2025 ne ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, shekara guda bayan sanarwarsu. Masu sharhi sun yi ta kwatanta lamarin da ƙuri'ar barin Tarayyar Turai da Birtaniya ta kaɗa a 2016. Kwatancen bai zauna daidai ba. A Birtaniya ƙorafi kan kwararar baƙi yana cikin manyan dalilan ficewa. A nan kuwa gwamnatocin soja ne suka yanke hukunci bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. Abin fargaba shi ne ƙyamar baƙi ta zo mana daga baya.

A Morai da Talata Mafara da Bakura da Maradun, mutumin Maraɗi ko Tawa da ya zo ci-rani ko fatauci ya saba sauka wurin mai masauki, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. Bahaushe ya ce "baƙonka Annabinka", amma shi ne kuma ya ce "baƙo raɓa, ɗan gari kaba". Duka ra'ayoyin biyu suna kwance cikin harshen, yanayi ne ke tayar da ɗaya. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya yi ƙamari, "baƙuwar fuska" ta koma kalmar zargi, ana kuma saurin jingina ɓarnar ga 'yan ƙetare. Alhali tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka, suka zama baƙi su ma.

Wani zai ce ai ECOWAS ta sanar cewa za ta ci gaba da amincewa da fasfo da 'yancin zirga-zirgar 'yan ƙasashen uku. Gaskiya ne, sai dai tarihi ya nuna iyakar takarda. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan yankin damar zaman kwana 90 ba biza, amma a Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan guda, cikinsu har da 'yan Nijar. Kafin nan, dokar Ghana ta 1969 ta tarwatsa iyalai da dama na zangunan Kumasi da Akara. Duk lokacin da tattalin arziki ya ƙuntata, baƙo ake fara nuna wa yatsa.

Saboda haka akwai aiki a gaban manazarta Hausa. Ya kamata a tattara yadda ake amfani da kalmomin "baƙo" da "ɗan ci-rani" da "ɗan gudun hijira" a rediyo da huɗubobi da waƙoƙin baka da kafofin sada zumunta, a Mafara da Maraɗi lokaci guda, a kuma bi sauyin ma'anarsu shekara bayan shekara. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinta na Nijar suna iya haɗa hannu kan wannan ba tare da jiran sulhun gwamnatoci ba. Ranar da aka kori mutum, an daɗe da sauya masa suna a bakin jama'a.