Ƙofar Garejinmu da Ranar da Ta Kusa Danne Auta

Darasin wannan makon daga ƙofar gidanmu na ɗauko shi, domin wani abu ya faru da mu a ƙarshen daminar bana wanda har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Gidanmu a Tudun Wada yake, nan Zariya, kuma yana da gareji irin na gidajen da, wanda bakinsa ke kallon titi. Rabon da mota ta kwana a cikinsa tun ina firamare. Yanzu babur ɗin Baba ne a ciki, da buhunan masara, da wani tsohon keken ɗinki da Umma ta hana a sayar. Ƙofar ta ƙarfe ce, falle ɗaya, tana gudu a kan tayoyi biyu bisa wani dogon ƙarfe da aka dasa a ƙasa kamar layin dogo. Gefe ake tura ta. Daga sama kuma akwai wasu 'yan ƙananan tayoyi da ke riƙe da ita don kada ta kife.

Ta fi wata biyar tana yi mana gardama. In ka tura ta sai ta yi ƙara kamar ana yanka akuya, ta zo tsakiya ta cije, sai ka sa kafaɗa. Kowa a gidan ya saba. Ni da nake karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, kullum da safe sai na sa mata kafaɗar kafin in tafi neman motar Samaru, ban taɓa durƙusawa na duba abin da ke damunta ba. Wannan laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ranar wata Asabar Baba ya ce Auta ya buɗe masa zai fito da babur. Shekarar Auta shida. Da ƙofar ta cije, sai ya kira abokinsa suka ja da baya suka rugo suka banke ta tare. Ta wuce wurin da take cijewa, ta kwasa a guje. A ƙarshen layin akwai ɗan guntun ƙarfe da aka yi wa walda don ya tare ta, ashe tsatsa ta gama cinye gindinsa. Ƙofar ta ɓalle shi, tayar gaba ta sauka daga layi, saman ya zame daga mariƙinsa, ta karkato wajen titi, daidai inda yaran suke. Allah Ya sa akwai bishiyar dogon yaro a ƙofar gidan, ita ce ta tare ta. Auta ya rarrafo daga ƙarƙashi babu ko ƙwarzane, silifas ɗinsa ɗaya kawai ya bari. Umma ta fito babu mayafi tana salati. Sai da maza huɗu suka haɗu kafin a ɗaga ƙofar a jingine ta da bango.

Da dare na ɗauko biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun tuni. Ku ma ku bi ni, lissafin aji huɗu na sakandare ne. Faɗin ƙofarmu mita 4, tsayinta mita 2, wato murabba'in mita 8. Kaurin farantin ƙarfen kamar milimita ɗaya da rabi ne. Ƙarfe irin wannan, kowane kubik mita ɗaya nauyinsa kusan kilo 7,850, don haka kowane murabba'in mita na farantin ya kai kusan kilo 12. Sau 8, kun ga farantin kaɗai ya haura kilo 90. Ku ƙara bututun da aka yi firam da su, da sakata, da tayoyi. A ƙiyasina ta doshi nauyin buhun siminti uku. Babu wani abu mai motsi a gidanmu da ya kai ta nauyi, amma ita muke aiken yaro ɗan shekara shida ya buɗe.

Wani abin dariya, da can na yi ta gaya wa mutanen gida cewa zafin rana ne ke kumbura ƙarfen shi ya sa take cijewa. Da na lissafa sai na ji kunya. Ƙarfe mai tsawon mita 4, ko zafinsa ya ƙaru da digiri 30, tsawon da zai ƙara bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Turancin banza nake yi musu.

Mai waldar da Baba ya kira, wani dattijo ne da ya daɗe yana wannan sana'a a unguwar, bai yi minti biyu ba ya gano matsalar. Ya tsuguna ya sa yatsa a gefen layin ya kwaso yashi cakuɗe da baƙin mai. Ya dube ni ya ce, "Ɗan samari, wa ke zuba wa layin nan mai?" Na ce ni ne, Baba. Ya girgiza kai ya ce, "Kai ka kashe boris ɗin."

Ga bayanin. Duk lokacin da ƙarar ta dame ni, sai in karɓo baƙin man da aka juye daga inji wajen masu gyaran babur in tsiyaya a kan layin. Kwana biyu sai ta yi shiru. Amma mai yana kama ƙura, ruwan damina kuma yana kwaso yashin titi ya jibge a wurin. Mai da yashi in suka haɗu sun zama kamar samfefa, suna shiga cikin boris ɗin taya suna cin sa. Da boris ya mutu sai tayar ta daina juyawa, ta koma jan ciki a kan layi, har gefenta ɗaya ya shafe. Abin da ke sa ta cije ke nan. Layin ƙofa shara yake so, a bar shi a bushe. Giris kuma wurinsa cikin boris ne da hinji da sakata, shi ma ɗan kaɗan, a goge wanda ya tsatso waje.

Sai maganar tsatsa, wadda ita ce ta kusa jawo mana makoki. Waɗanda ke ajin kimiyya sun san gwajin nan na ƙusoshi uku a cikin kwalaben gwaji. Ta farko a cikin ruwa da iska, ta biyu a cikin tafasasshen ruwa da aka rufe samansa da mai don kada iska ta shiga, ta uku a cikin busasshiyar iska babu danshi. Ta farkon ce kaɗai ke yin tsatsa, domin ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kansa. Masu shirin WAEC da NECO ku riƙe wannan, amma ku fita ku gan shi a ƙofar gidanku. Za ku lura kusan kullum daga ƙasa tsatsa ke farawa, inda ruwan sama ke fantsama, inda ruwan wanki ke bi, inda awaki ke fitsari. Gishirin da ke cikin irin wannan ruwa yana ƙara mata sauri. Mugun halinta kuma shi ne ba ta manne wa ƙarfe ta kare shi, ɓarewa take yi ta buɗe sabon wuri, ruwa ya sake shiga. Wani lokacin ma ta cikin bututu take ci, waje fenti fes, ciki ya zama gari. Shi ya sa mai waldar ya huda wa bututun ƙasa ƙananan ramuka biyu don ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita.

To, wane aiki ne ɗalibin sakandare zai iya yi da hannunsa? Da yawa. Tsintsiya dai kowa ya iya riƙewa: a share layin ko sau ɗaya ne a mako, musamman da damina da kuma lokacin hunturu da ƙura ke sauka. In ƙofarku mai falle biyu ce, ku duba hinjin, ku ga ko waldar ta fara tsagewa ko ƙofar ta fara jan ƙasa. Ku girgiza ƙarfen da ke tare ƙofa a ƙarshen layi da hannu. In ya motsa, ku gaya wa babba a ranar, kada ku bari sai gobe. Inda tsatsa ta fara, a kankare da buroshin waya da samfefa har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin nan da masu walda ke farawa da shi, a bari ya bushe, sannan a bi da fentin mai. Shafa fenti a kan tsatsa asarar kuɗi ce, ta ƙarƙashi za ta ci gaba da aikinta. A ganina lokacin da ya fi dacewa a nan Zariya shi ne da zarar ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba, kafin ƙurar hunturu ta kankama ta manne a ɗanyen fenti. In ƙarfe ya yanke ka, ka wanke da ruwa da sabulu ka je asibiti a duba maganar allurar tetanus. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma gindin ƙofa ba ya rabuwa da su.

Akwai kuma aikin da ba naku ba. Ƙofofin nan masu naɗewa sama, irin na shagunan da ke jere a kan hanyar Kongo da cikin Sabon Gari, waɗanda wasu ke sa wa gareji, suna da sifirin a cikin gangar da ke sama. Shi ne ke ɗauke yawancin nauyin, shi ya sa mutum ɗaya ke iya ɗaga ta. An murɗe shi ne da ƙarfi, ƙarfin kuma yana nan a ajiye ko ƙofar ba ta motsi. Wanda bai san kansa ba in ya kwance noti, zai iya rasa yatsu ko ido. In irin wannan ƙofa ta fara nauyi, ko ta riƙa faɗowa da kanta, a kira mai gyara, kuma kada kowa ya tsaya a ƙarƙashinta. Haka nan in an zo yin walda a gidanku, ku kori ƙannenku daga wurin. Hasken nan mai shuɗi yana ƙona saman ƙwayar ido, ba a ji a lokacin, sai cikin dare mutum ya farka kamar an zuba masa yashi. Auta da abokansa sai da na bi su da tsumagiya.

Da ake shawarar abin da za a yi, ni cewa na yi a sayi sabuwa, mai rimot ma, irin wadda muke gani a fim. Baba ya yi dariya ya ce, "Ranar da babu wuta kai za ka zama rimot ɗin?" Ban ja ba. Amma na karanta tarihinta, kuma akwai abin lura a ciki. Wani Ba'amurke mai suna C. G. Johnson ne ya ƙirƙiro ƙofar gareji mai ɗagawa sama a 1921, ya biyo da injin lantarki mai buɗe ta a 1926. Daga baya irin waɗannan ƙofofi suka riƙa saukowa a kan yara suna danne su, har wasu suka rasu. Sai da Amurka ta yi doka a 1990, aka wajabta cewa daga 1993 duk injin da za a ƙera sai an haɗa shi da abin kariya, galibi wani idon lantarki a kusa da ƙasa wanda in ya ga abu a hanya zai sa ƙofar ta koma sama. Mu a nan ƙofofinmu a bakin titi ake haɗa su, mai gida da mai walda ne kaɗai ke yanke yadda za su kasance. In mai gida ya matsa a rage kuɗi, ƙananan ƙarafan tsaron nan ne ake fara zaftarewa.

Yadda dattijon ya raba gardamar gyara ko sauyawa ya burge ni. Ya ɗauki guduma ya bi firam ɗin yana ƙwanƙwasawa. Inda ƙarfe ke da rai sai ya yi ƙara tangaran, inda ya mutu sai ka ji bus, wani wurin ma guduma ta burma. Ya ce in ruɓewar ta tsaya a ƙasa kawai, a yanke a sa sabo. In ta hau ginshiƙan gefe, ko ƙofar ta murɗe, to a haƙura a sake wata, domin walda ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe, ƙone shi take yi ramin ya ƙara faɗi. Tamu ta tsira. Ya yanke kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya sa sabon bututu da faranti, ya sauya tayoyin biyu, ya dasa matari mai kauri a kowane ƙarshen layi. Ya kuma kafa wani ƙarfe a tsaye ta wajen titi, yadda ko ta sake zamewa a jikinsa za ta jingina. Wannan na ƙarshen Baba ya so a bari saboda kuɗi, Umma ta leƙo daga zaure ta ce a cire a kuɗin cefane.

Guntayen da aka yanke mun sayar wa 'yan gwangwan, kuɗin ya sayi gwangwanin jan fenti ɗaya. Fentin ni na yi shi, hannu biyu, har yanzu akwai tabonsa a wandon da nake zuwa lakca da shi. Sharar layi kuma an ɗora wa Auta duk safiyar Asabar, amma buɗe ƙofar an hana shi sai ya shiga sakandare.