Mata-maza: Inda Ake Gaggawa da Inda Ya Kamata a Dakata

Duk gidan da aka haihu a ƙasar Hausa, tambayar da take fara fitowa daga bakin 'yan barka ita ce me aka samu, kuma da yake amsar ba ta cika wuce ɗayan biyu ba, mun saba da ita har mun manta cewa akwai ɗakin da ungozoma za ta duba jariri, ta sake dubawa, sa'an nan ta yi shiru. Daga wannan shiru ne rayuwar mata-maza take somawa a wurinmu, alhali kuwa babu wani dalili na shari'a ko na hankali da ya wajabta a binne al'amarin a ƙuryar ɗaki, sai dai tsoron bakin mutane.

Abin da zai ba mai karatu mamaki, in bai taɓa zama gaban malami a zaure ba, shi ne magabatanmu ba su ji kunyar wannan mas'ala ba ko kaɗan. Ibn Hisham ya kawo a cikin Sira cewa tun zamanin Jahiliyya an kai wa Amir bn Zarib, alƙalin Larabawa, shari'ar gadon wani hunsa, wato mata-maza, ya kwana yana juyi bai sami mafita ba, har sai da baiwarsa Sukhaila, mai yi masa kiwo, ta ba shi shawara ya bi mafitar fitsari ya yanke hukunci a kanta. Da Musulunci ya zo, fuƙaha'u suka ɗauki mas'alar suka yi mata babi, suka tattauna sahun da hunsa zai tsaya a salla, da wanda zai yi masa wanka in ya rasu, da rabonsa na gado. Muhtasar na Shehu Halil, littafin da alƙalan ƙasar nan suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, da mas'alar hunsa aka rufe shi, inda aka ba wanda al'amarinsa ya rikice, wato hunsa mushkili, rabin rabon namiji haɗe da rabin rabon mace, aka kuma lissafa alamomin da ke warware rikicin, kamar fitowar gemu ko nono ko haila. Wanda shari'a ta yanka masa gado, ta ba shi wuri a masallaci, ba ya yiwuwa a ce la'ananne ne. Kuma tun da mafi yawan alamomin nan ba sa bayyana sai an balaga, ashe malaman sun yarda a jira shekara goma sha wani abu kafin a yanke magana.

Mu kuwa da muka gaji littattafan, ba mu gaji natsuwarsu ba. Wani ya ce shafar aljanu ce, wani ya ce kishiya ce ta yi asiri, wani ya ce alhakin wani zunubi ne na uwa, domin a irin wannan hali uwa ake fara tuhuma. Akwai masu rantsuwa cewa mata-maza yana iya yi wa wata ciki shi ma ya ɗauki ciki, abin da ba ya faruwa ga ɗan Adam. Mafi muni, jama'a da yawa suna cakuɗa su da 'yan daudu, alhali daudanci magana ce ta ɗabi'a da sana'a, mata-maza kuwa halittar jiki ce da aka zo da ita daga ciki.

Likitoci sun nuna cewa ba abu guda ba ne, yanayi ne iri-iri da suka taru ƙarƙashin suna ɗaya, kuma a nan ne jahilci yake kisa. Mafi yawan jarirai mata da ake haifa da al'aura mai kama da ta maza, matsalarsu tana ga wani ɗan ƙullutu da ke zaune bisa ƙoda, wanda ya kasa sarrafa sinadarin da jiki ke bukata, ya koma yana zubo sinadarin maza fiye da kima. Likitoci suna taƙaita sunan ciwon da CAH, ana samunsa ga kimanin jariri 1 cikin 15,000, kuma gadonsa ake yi daga uwa da uba gaba ɗaya, kamar yadda ake gadon sikila. Da yawa daga cikin waɗannan jarirai jikinsu ba ya riƙe gishiri, saboda haka a mako na biyu ko na uku sai amai da kasala da ƙin kama nono su taso, in ba a kai asibiti ba rai ya yi halinsa, a ce mayu ne. Alhali yarinyar da aka gano da wuri, aka ɗora ta a kan magani, tana iya girma, ta yi aure, ta haihu. Iyayen da suka ɓoye jaririyar don gudun gori, suka yanka rago rana ta bakwai da sunan namiji don a huta da tambaya, ba su san da ranta suke caca ba.

Wani nau'in kuma ba ya bayyana sai an girma. Yarinya ce sosai a ido da murya da ɗabi'a, sai sa'o'inta su fara haila ita shiru, a bincika a tarar ƙwayoyin halittarta XY ne irin na maza, amma jikinta ba ya amsa sinadarin maza, ba ta kuma da mahaifa. Irin wannan baiwar Allah, a ƙauyukanmu, ita ce ake kai wa wanzami ya yi mata yankan gishiri wai don hanya ta buɗe, ta dawo da yoyon fitsari a kan abin da aska ba ta da maganinsa.

To, in an ce a gaggauta zuwa asibiti, ba a ce a gaggauta zuwa wuƙar tiyata ba, kuma a nan nake ganin har wasu likitoci suna bukatar su koyi haƙurin fuƙaha'u. A 1974 likita Julianne Imperato-McGinley ta wallafa bincikenta kan wasu yara a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, waɗanda aka rena a matsayin mata, amma da suka balaga murya ta buɗe, jiki ya koma na maza, mafi yawansu kuma suka ci gaba da rayuwa a matsayin maza. Da an yi musu aiki suna cikin zanen goyo don a daidaita su da sunan da aka raɗa, da an yanke abin da ba ya dawowa. Koke-koken manya da aka yi wa irin wannan aiki suna jarirai, suka tashi da tabo da raɗaɗi da jinsin da ba su amince da shi ba, su ne suka sa Malta a 2015, da Jamus a 2021, suka kafa dokar taƙaita tiyatar da ba ta lalura ba har sai yaro ya iya faɗin ra'ayinsa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta, a 1989, a yi wa hunsa magani ko tiyata don a tabbatar da jinsin da ya rinjaya a jikinsa. Sai dai halasci bai zama umurnin a yi yau-yau ba, kuma ba a sanin abin da ya rinjaya sai da gwajin jini da hoton ciki, wani lokaci har da jiran balaga da jin ta bakin mai jikin.

Saura kuma rayuwar yau da kullum, wadda ita ce ta fi nauyi: yaron da ya daina makarantar kwana saboda wurin wanka, da saurayin da takardar haihuwarsa take ɗauke da sunan mace, da budurwar da ba ta san yadda za ta buɗe wa manemi baki ba. Kenya dai ta saka mata-maza cikin ƙidayar jama'arta ta 2019, ta sami mutum 1,524, ta kuma ambace su a dokar yara ta 2022. Abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne a koya wa ungozomomi cewa jaririn da suka yi shakka a kansa asibiti za a kai shi tun kafin suna, limamai su karantar da babin hunsa a fili yadda suke karantar da na haila da janaba, hukuma kuma ta sauƙaƙa gyaran suna da jinsi a takardu ga wanda likita ya ba shi shaida, ba tare da an tsayar da shi gaban jama'a yana bayanin tsiraicinsa ba.