Duk Wanda Ya Yi Muku Alƙawarin Ruwa, Ku Tambaye Shi Ina Wutar

'Yan uwa, ni fa na gaji da siyasar burtsatse. Zaɓe na ƙaratowa sai a turo motar haƙa rijiya, a yanka ƙyalle, a watsa hotuna a Facebook. Bayan wata shida famfo ya ƙafe, wai babu kuɗin man gas ɗin janareta. Wallahi wannan raina hankali ne.

Abin da ba sa son faɗa shi ne, ruwa nauyi gare shi. Lita dubu tan guda ce cif. Jawo shi daga kogi, tace shi, tura shi cikin bututu har ya hau tanki, duk wuta ake ci. In babu lantarki, ko kogi na bakin ƙofarka famfonka ba zai kawo ba.

Ku dubi Saudiyya. Ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara, ruwan teku take tacewa. Tashar Ras Al-Khair tana fitar da sama da lita biliyan ɗaya a kullum, ana tura ruwan har Riyad, kuma haɗe aka gina ta da tashar lantarki. Ko da injin zamani, cire gishiri daga lita dubu yana cin wuta wajen yunit 3 zuwa 4. A Kalifoniya ta Amurka, famfuna ne ke ɗaga ruwa kusan mita 600 ya haye tsaunuka kafin ya isa kudancin jihar. Birnin Cape Town na Afirka ta Kudu kuwa, a 2018 sai da aka taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha. Abin ya zama ruwan dare.

To mu nan Kano, teku aka ce mu tace? A'a. Allah Ya ba mu dam ɗin Tiga tun zamanin Audu Bako, ga na Challawa, ruwa mai daɗi kwance. Tura shi ne ke neman wuta. Duk ranar da injin ya tsaya, talaka ne ke biyan kuɗin a hannun mai garuwa, jarka-jarka, yaransa kuma su makara makaranta suna layin rijiya.

Za su ce ai yanzu da sola ake yi. Madalla. Wa zai gyara in ta lalace? Kuma in kowane layi ya huda ƙasa, ruwan ƙasan ba ya janyewa ne?

Don haka duk ɗan takarar da ya zo, ko da ɗan gidanmu ne, kada tafi ya hana ku tambaya. Megawat nawa ya ware wa matatun ruwa? Daga ina wutar za ta fito? Nawa ya sa a kasafi don gyara? In ya fara inda-inda, ku riƙe ƙuri'arku.

Allah Ya sa mu dace.