Mabuɗin Ofis Ba Na Kowa Ba Ne

Akwai wani gunaguni da ake ji a bakin ma'aikata, wai mai kula da kwamfutocin ofis ya cika tsanani. Ya buɗe wa wannan manhajar lissafin kuɗi, ya hana wancan, ran da mutum ya bar aiki kuwa sai ya soke sunansa nan take. Wai wulaƙanci ne. To, mu mun ce masu faɗin haka ba su auna maganarsu ba.

Ku dubi abin da ya sami kamfanin Colonial Pipeline na Amurka cikin watan Mayu 2021. Shi ke da bututun mai daga Texas har New Jersey, wajen mil 5,500. Ɓarayi suka sami kalmar sirrin wani asusu da aka daina aiki da shi, amma ba a rufe ba. Ta nan suka kutsa. Aka tsai da mai kwana 5, gidajen mai suka ƙafe, kamfani ya biya fansar dala miliyan 4.4.

Ai ko a fada ba a ba mai shara mabuɗin baitulmali, ba kuwa don ana tuhumarsa da sata ba. In kuɗi suka ɓace, wanda bai riƙe mabuɗi ba shi ke barci da minshari. Ashe hanin nan kariya ce ga ma'aikacin kansa.

Lalle wajibi ne mai kula ya ba kowa mabuɗin aikinsa da hanzari, kada ya bar akawu zaune yana jira. Amma mai son a bar kome a buɗe, sai ya faɗa mana wa zai biya in ɓarawo ya shigo.